Titin da Na Kai Mata Asibiti

Asabar, da hantsi, a shago

Bari in fara da abin da kowa ya sani. Na shigo garin nan da almakashi ɗaya da riga biyu. Ban gaji ko allura ba. A sakandare na tsaya, ita ma da gumina na gama ta. Ɗinkin kujerar mota ni na koya wa kaina: na tsinci tsohuwar kujera a bola, in farke ta in haɗa, in sake farkewa, ba oga, ba kawu. Keken ɗinkina na farko matacce na same shi, da hannuna na tashe shi. Yau ina da shago mai ƙofa biyu da keke uku, kuma duk motar hayar da ke bin titin nan, in ka zauna ƙarfen sifirin kujera bai soke ka ba, to ta biyo ta hannuna. Benen da ke tsallaken titi, wanda mai gyaran agogo yake zaune a ƙasansa, ni na gina shi tun daga tushe har rufi. Na aurar da Auta, na kai Babba har jami'a. Ba wanda ya taya ni. Ina so a san wannan kafin in ci gaba.

Uwar yara tana asibiti tun ranar Talata. Abin da ya faru ranar ba zan rubuta ba, na gani da idona, ya isa. Tana ci, tana sha, tana gane mutane. Hannun hagu lafiya lau. Magana ce dai ba ta dawo ba. Matar da mutanen layi suke kira Mai Taga, don daga tagar benenmu take gaisawa da kowa, ta san wanda aka yi wa haihuwa da wanda ya yi baƙo kafin su kansu su gama sani, yau ita ce kwance shiru.

Likita ya ce a riƙa yi mata hira, hirar abin da ta saba da shi, wai ta nan magana take samun hanyar dawowa. Babba kuma ya bugo daga can garin da yake aiki, ya ce in wata ya ƙare bakin bai buɗe ba zai zo ya tafi da ita, wai a can akwai masu koya wa mutum magana, kuma gidansa ba bene. Na ce masa uwarsa ba kujerar mota ba ce da za a kwance a kai wani gareji. Ya ce Baba ba faɗa nake ba. Na ce ni ma.

Ba inda za ta je.

Lahadi, bayan la'asar

Na je na yi hirar. Na ce ina wuni, ya jiki, ana gaishe ki. Na gaya mata soso ya yi wuyar samu. Na gaya mata keke na biyu yana tsinka zare. Daga nan na duba cikina na ga hira ta ƙare. A gidanmu ita ce mai labari, ni mai cewa “to” ne, tun aurenmu haka rabon yake.

Auta tana gefe tana ɓare lemo, ta ce Baba in haka za ka riƙa yi gara ka karanta mata takardar magani, ta fi daɗin ji. Yarinyar nan bakin uwarta ta ɗauko.

Tagar ɗakin da suka kwantar da ita bango take kallo. Farin bango da bututun ruwa ɗaya. Na ga ta juya ta duba, ta jima, ta dawo da kanta kan matashi. Wanda ya gina asibitin nan da ya tambaye ni.

Litinin, da azahar

Na ɗinka rigar kujera a baibai. Ban taɓa ba. Laifin zaren ne.

Talata, da yamma

Yau na yi wani abu, kuma sai na rubuta shi tun da zafinsa.

Duk wanda ya san sana'armu ya san cikin kujerar mota kasuwa ce. In ka farke ta, abin da ke zubowa daga tsagar baya sai ka riƙe baki: ɗan kunne ƙwaya ɗaya, maɓallin riga, makulli, tsohon tikiti, haƙorin mataji, marfin biro. Ni ba na zubarwa. Ina da gwangwanayen fenti a ƙarƙashin tebur da nake tarawa, ko mai abu zai zo nema. Ba wanda ya taɓa zuwa sai wata mata mai neman haƙorin roba na mijinta, shi kuma ba a wurina ya faɗi ba.

Da safe ina farke kujera sai na ɗaga kai na ga bas ta tsaya a tsallake tana hayaƙi, mutane na cusa kai. Na ce a raina da tana taga da na sha labarin wannan wajen cin abinci, har da muryar kwandasta. Sai na jawo wani allon katako na bayan kujera na shafa masa gam. Na yanka ragowar leda ruwan ɗorawa na yi jikin mota. Marfin kwalba biyu, taya ke nan. Tagogi da fasasshen madubin gefe. Fasinjoji kuwa maɓallai na jera, manya da ƙanana, na matse su har wani ya hau kan wani. Kwandasta da makulli na yi shi, yana lilo a ƙofa. Hayaƙin kuma soso na ɗan babbaka na manna. Ban san azahar ta wuce ba.

Da na gama sai na ga fili a ƙasa, ni kuma ba na barin fili a aiki. Na ɗauki alkalamin da nake shata leda da shi na rubuta:

Motar safe ta tsaya tana tari,
Kwandasta na rantsuwa akwai wuri,
Direba na cewa a yi haƙuri,
Kowa da gwiwar wani a haƙarƙari.

Ban taɓa yin waƙa ba, ko a makaranta. Ashe ba wuya, masu yin ta ne ke ɗaga kai.

Na kai mata a naɗe cikin buhu. Mai gadi ya so ya hana ni shiga da shi, na ce masa magani ne. Na jingina shi a ƙarshen gado na karanta da ƙarfi. Ta miƙa hannun hagu tana bin maɓallan, har ta tsaya a kan wani babba baƙi da ya danne biyu. Sai kafaɗarta ta fara rawa. Na zabura zan kira nas, Auta ta riƙe rigata ta ce Baba zauna, dariya take. Ashe ta gane mai kantin taya ne, wanda kujera ɗaya ba ta isarsa. Ni ban ma nufe shi ba, amma da na duba, shi ne sak.

Dariyar ba sauti, amma dariya ce. Na dawo a ƙafa, ban san na wuce shago ba sai da na ga gidan mai.

Alhamis, da yamma

Na yi na biyu: shagon mai walda, maƙwabcin mai agogo, abokin faɗana tun kaina yana baƙi. Tartsatsin da takardar alewa mai walƙiya na yi shi, shi kuma gogan da lanƙwasasshiyar ƙusa.

Mai walda na hura wuta da rana,
Ƙararsa ta hana unguwa magana,
Ƙofar da ya karɓa bara tana nan bana,
In ka tambaya ya ce gobe da yardar Rabbana.

Ban san wanda ya kai masa gulma ba. Sai ga shi ya tsallako da baƙin tabarau a goshi, ya ce Mai Kujera an ce ka zage ni a rubuce. Na nuna masa. Ya karanta yana motsa baki, ya gama, ya ce:

“Ƙarya kake. Ƙofar nan ba ta bara ba ce, ta bara waccan ce. In za ka yi waƙa ka yi gaskiya.”

Sannan ya juya allon ya ce katakon nan zai lanƙwashe, kai dai ba abin da ka sani sai soso. Ya tafi da shi ba da izinina ba. Da la'asar ya dawo da shi an zagaye da ƙarfe, har da ƙafafu yadda zai tsaya da kansa. Ban roƙe shi ba. Ina so a san ban roƙe shi ba.

Tun daga nan layi ya rikice. Mai agogo ya aiko da kwali cike da hanjin agogo. Mai lemo ta kawo ragar buhunta, ta ce don Allah a yi ta siririya. Tela ya kawo ƙyallaye. Mai taya ya ce in za a sake yin sa a nemo maɓalli mai mutunci. Kowa sai ya ce a gaida Mai Taga, a ce mata layi ya yi duhu. Na ce su ajiye su tafi, aikin nan na mutum ɗaya ne.

Juma'a, da yamma

Babba ya bugo ya tambaya ko ta ce wani abu. Na ba shi labarin ƙafafun ƙarfe.

Lahadi, bayan azahar

Yau na haɗa layin gaba ɗaya, daga gidan mai har kwana. Babbar nas, wadda kowa ke kira Sista, ita ta sa aka kawo dogon tebur aka ajiye gaban gado, na jera allunan kafaɗa da kafaɗa. Ga bas, ga mai walda, ga mai lemo siririya kamar tsinke, ga agogon bango na mai agogo da hanjinsa na gaske. Kwalta da baƙar robar cikin taya na shimfiɗa ta. A saman shagon agogo ga benenmu, ga taga, a cikin tagar na sa gefen tsohon mayafinta da ɗan kunnen da ya fi kowanne kyau a gwangwani.

Masu jinya suka taru har daga wani ɗaki. Tsohuwar gadon kusa ta sa na maimaita ta bas har sai da ta yi tari, aka ba ta ruwa. Sista ta ce Baba ashe kai mai zane ne. Na ce mata ni mai komai ne, lokaci ne ban samu ba.

Uwar yara ta bi layin da ido daga farko har ƙarshe, fuskarta kamar an kunna fitila. Ta taɓa mayafin ta harare ni, don ban tambaye ta ba na yanka. Sai kuma ta sauke yatsa ƙasa, inda kwalta ta ƙare, ta ƙwanƙwasa. Ta dube ni. Ta sake ƙwanƙwasa teburin, gaban allon, inda ba komai. Bakinta ya motsa, ya motsa, ba abin da ya fito.

Na ce akwai abin da na manta? Ta lumshe ido, wato e.

Ni da nake kallon titin nan tun ba a sa masa kwalta ba, a ce na manta wani abu. Gobe zan ƙara.

Litinin, da yamma

Na ƙara kwata da gadar katakon da ke kanta. Ba ita ba ce.

Talata, da yamma

Na ƙara ramin tsakiyar titi, har da ruwa a ciki, da shuɗiyar leda. Ta yi murmushi don ramin ya fito, sannan ta koma tana ƙwanƙwasa tebur. Ba shi ba ne.

Laraba, da yamma

Na ƙara kyanwar tela. Ta juya fuska ta kalli farin bango, har na tafi ba ta juyo ba. Ban yi waƙa yau ba. Wata ya kusa ƙarewa. Ni ban duba kalanda ba, mai agogo ne ya faɗa, shi ba ya iya riƙe lokaci a cikinsa.

Alhamis, la'asar sakaliya

Auta ta aiko in ɗauko wa uwarta bargo daga sama. Tun waccan Talatar a shago nake kwana, saboda aiki ya yi yawa, ba don komai ba. Na hau. Ɗakin yana nan yadda aka bar shi. Na ɗauki bargon zan fita, sai na ga kujerarta ta bakin taga, wadda ni na ɗinka mata da hannuna, ta lotsa ta gefe ɗaya. Aikina ne, dole in duba. Na zauna don in ji soson.

Mutum yana iya yi maka ƙarya, soso ba ya yi. Duk inda aka fi jingina nan yake kwantawa, in ka zauna shi zai juya ka inda mai kujerar take fuskanta. Ya juya ni.

Daga nan ba a ganin inda bas take tsayawa sai ka leƙa. Mai walda ba a ganinsa sam, sai dai ƙara. Mai lemo sai saman laimarta. Abin da ke gabanka kai tsaye, kamar an ɗora a faranti, shagona ne. Ƙofa biyu, keke uku, kujerar da nake zama, rediyo, har kofin da na bari a kan tebur ɗazu. Ana ganin almakashi.

Ni duk allunan da na yi, gefen da nake gani daga bakin shago na yi. Ɗaya gefen ban sa shi ba, don ban taɓa ganinsa ba, a cikinsa nake zaune.

Na daɗe a kujerar. Labulen ɗakin nan yana da ƙura, sai an wanke shi, ya sa idona ruwa.

To, in ma an duba, wa za ta kalla a layin nan in ba ni ba? Mai taya?

Juma'a, da hantsi

Na kwashe gam da katako da gwangwanaye na hau da su sama. A kujerarta nake aiki. Mai walda ya fito tsakiyar titi ya ɗaga kai, ya ce jama'a ku zo ku gani, Mai Taga ta yi gemu. Na jefe shi da guntun soso.

Asabar, da yamma

Na gama. Kekunan da marfin gwangwani da allurai na yi su, rediyo da kwalin ashana. Ni kuma na zaɓi fatar da ta fi kowacce tsada a shago, wadda nake ɓoyewa don motocin manya, na yanka kaina yadda nake: dogo, miƙaƙƙe, kafaɗa a buɗe. Babba yana hanya, gobe zai iso.

Lahadi, bayan la'asar

Bari in rubuta yadda aka yi.

Babba ya zo da mota, har ya jera matasai a kujerar baya, na gani da zan shiga. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa. Na wuce na kwance buhu. Na tsayar da sabon allon a gaban tsofaffin, daidai inda take ƙwanƙwasawa, titi ya zama yana da gefe biyu. Sannan na juya mata shi na karanta:

Daga tagar nan ana ganin shago,
Da wani mutum ya jingina da bango,
Yana ɗaga kai sama, wai duba agogo,
Shekara da shekaru, har yau ango.

Auta ta rufe fuska da mayafi ta ce Baba a gabanmu.

Uwar yara ba ta kula ta ba. Ta sa yatsa a ƙofar shago, ta bi ta kan keke, ta kan rediyo, ta iso kan mutumin. Ta shafa fatar daga ƙirji zuwa ƙasa. Ta dubi allon, ta dube ni a tsaye, ta sake duban allon. Bakin ya fara motsi. Tsohuwar gadon kusa ma ta daina tauna.

“Ina...” Ta tsaya ta huta. “Ina tumbin?”

Kofi ya faɗi daga hannun Auta. Babba ya zauna a ƙasa daɓas, da wandonsa na ofis.

Na ce, “Wane tumbi? Riga ce mai faɗi.”

Ta ce, “Ƙarya.”

Tas ya fito, kamar yadda take faɗa mini shi tun muna yara. Sista ta fita da sauri kiran likita. Ni kuma ba na rabuwa da guntun soso da reza a aljihu. A gaban kowa na ɗaga fatar, na cusa soso, na danne. Ta latsa da yatsa ta ce, “Ƙara.” Na ƙara. Tsohuwar gadon kusa ta ce yanzu ya fito.

Babba ya fita baranda ya daɗe. Da ya dawo idonsa ja, bai yi zancen mota ba. Cewa ya yi Baba to yaya za ta riƙa hawa benen. Na ce wannan ba matsalarka ba ce, ni na gina shi.

Laraba, da azahar

Mai walda ya kafa ƙarfen dafawa tun daga ƙasan matakala har sama, a wuni ɗaya. Ƙofar mutane ta bara waccan kuwa tana nan jingine a shagonsa. Ban roƙe shi ba.

Asabar, da hantsi, a shago

An sallame ta. Tana taga. Ina rubutun nan ina ɗaga kai, agogo nake dubawa.

Maganar tana zuwa a hankali, ɗigo-ɗigo, wata kalmar sai ta yi ta nema ta bari sai gobe. Amma jiya ta kira mai lemo daga sama, mai lemo ta bar tirenta a titi ta haura da gudu. Na ce zan sake wa kujerar soso, ta ce a'a. Babba ya koma, da matasan da ya jera a mota.

Sista ta roƙi a bar musu allunan a ɗakin masu jinya, a huta da kallon wancan farin bangon. Na bar musu duka ban da na ƙarshe, shi yana sama, ba na asibiti ba ne. Ɗazu na biya in ga yadda suka kafa su. Sun yi kyau, mutane na tsaye suna karanta ta bas suna dariya. Amma a gefe sun manna wani ɗan kati, an buga: “Kyauta daga mijin wata majinyaciya.”

Mijin wata majinyaciya. Ni.

Gobe zan koma da alkalamina. A cire katin nan. A rubuta sunana cikakke, da na mahaifina, da manyan baƙi yadda mai gadon ƙarshe za ta iya karantawa tana kwance. A ƙasa a sa mai ɗinkin kujerar mota, kuma mawaƙi. In fili ya rage a sa mai walda, da ƙananan baƙi. Amma nawa a sama.